Darasi: Gas nawa babbar tukunya take sha?

Wannan darasi na iyalan da suke dafa abin sayarwa ne a babbar tukunya a tsakar gida ko a bakin hanya: kunun zaƙi, koko, kunun gyaɗa, zoɓo wanda mutanen nan suke kira folere, awara, wake da shinkafa. Da yawa daga cikin waɗanda suka sauka a Madagascar da Briqueterie a nan Yawunde, ko daga Afirka ta Tsakiya suka fito, ko daga Najeriya, ko daga Chadi, da irin wannan sana'a suke biyan kuɗin haya. A daji an saba da itace, ana ganin damin yana raguwa, an san abin da aka ƙona. Gas kuwa yana cikin kwalbar ƙarfe, ido ba ya ganinsa. Sai ranar da wuta ta mutu ana tsakiyar dama kunu a gane cewa ya ƙare, a soma neman jaka shida da rabi da ba a tanada ba.

Mun sha jin mace ta ce tana ciniki kullum, kunu ba ya kwana, amma jarin yana ta narkewa. In aka zauna aka yi lissafi da ita, za a ga ta ƙidaya gero da sukari da citta da kanumfari da kuɗin niƙa da robobi, ba ta sa gas ba, don ba kullum ake sayensa ba. To shi ma yana cikin kowace roba da aka sayar. Abin da za mu koya a nan shi ne yadda za ku san kuɗin gas na kowace tukunya, da kuma ƙofofin da yake bi ya zube a banza.

Abin da ke cikin kwalba

Gas ɗin girki iri biyu ne da suke 'yan uwan juna, butan da furofan. Wanda ake sayarwa a Kamaru butan ne mafi yawansa. A ƙasashen sanyi irin su Amurka furofan suke sa wa murhun waje, domin butan ba ya tashi daga ruwa ya zama iska idan sanyi ya kai na daskarewar ruwa, shi kuwa furofan yana tashi har a sanyin da ya kai 42 ƙasa da sifili. Wannan bambanci bai dame mu ba a Yawunde. Wajen ba da zafi kusan ɗaya suke, kilo da kilo, saboda haka lissafin da ke ƙasa ya hau kan kowanne.

Babbar kwalbar gida tana ɗaukar kilo 12.5, kuma farashin da gwamnati ta ƙayyade sefa 6,500 ne. Ko da aka ƙara kuɗin fetur a watan Fabrairu na 2023 da na 2024, an bar na gas yadda yake, domin akwai tallafi a kansa ta hannun asusun daidaita farashin mai, CSPH. Idan aka raba 6,500 gida 12.5, kilo ɗaya ya kama sefa 520. Ku riƙe wannan lamba. Wanda ya saya da tsada a hannun ɗan tireda lokacin ƙaranci, ko ya biya mai babur ya kawo masa, sai ya haɗa duka ya raba da 12.5 ya sami tasa lambar.

Kwalabe na kamfanoni daban-daban ne, SCTM, Camgaz, Tradex, TotalEnergies da sauransu, kuma mai shago ba ya karɓar kwalbar wani kamfani ya ba ku ta wani. Kafin ku zuba kuɗi a kan kwalbar farko, wadda kuɗin ƙarfenta ya fi na gas ɗin da ke ciki, ku duba wace iri ce ake samu kusa da gidanku ko da yaushe. Masu sabon zuwa suna yawan faɗawa wannan rami: su sayi kwalba mai araha a hannu, sannan su yi ta yawo da ita har kasuwar Mokolo suna neman inda za a canza musu.

Lissafin tafasa ruwa

Da a ce duk zafin wuta yana shiga tukunya, ba abin da ya kauce, kilo ɗaya na gas zai tafasa ruwa lita 150, daga sanyin ruwan famfo zuwa tafasa. Babu murhun da yake haka a duniya. Murhu mai kyau, a wurin da iska ba ta bugawa, tukunya a rufe, yana shigar da kamar rabin zafin. Ke nan kilo ɗaya ya tafasa lita 75. Babban murhun ƙarfe mai ƙafa uku da ake ajiyewa a fili, wuta a buɗe har ƙarshe, iska tana kaɗa ta, sau da yawa kashi ɗaya cikin uku kawai yake shigarwa. Kilo ɗaya ya koma lita 50.

Mu ɗauki misalin mai kunun zaƙi da take tafasa jarka biyu, lita 40, kowace safiya. A murhun da aka kula da shi, za ta ƙona rabin kilo da ɗan ɗori, kamar sefa 275. A murhun da ke fili, giram 800, kamar sefa 415. Ruwa ɗaya, tukunya ɗaya, bambancin sefa 140. Kwalba ɗaya za ta yi wa ta farko tukunya 23, ta yi wa ta biyu 15.

Amma babbar ɓarna tana zuwa ne bayan ruwa ya tafasa, kuma a nan nake so a tsaya a fahimta. Ruwa in ya tafasa ya gama zafi. A Yawunde, saboda garin yana kan tudu, mita ɗari bakwai da wani abu sama da teku, yana tafasa a wajen digiri 98, kuma ko an ƙara masa wuta ninki goma ba zai wuce nan ba. Duk ƙarin wutar tururi take zama ta tashi sama. Tururin nan kuwa da tsada yake: zafin da zai mayar da lita ɗaya ta ruwa tururi ya isa ya tafasa lita bakwai na ruwan sanyi. A kuɗi, ko a murhu mai kyau, kowace lita da ta ƙone ta tafi da giram 100 na gas, sefa hamsin ke nan. Idan mai kununmu ta bar tukunya a buɗe tana ta ɓararraka awa guda, ta tafi tace gasara ko shirya yara makaranta, ruwa ya ragu da lita biyar, to aƙalla rabin kilo ya tafi, kusan abin da ya tafasa jarka biyun a murhun da aka kula da shi. Tukunyarta ta tashi daga sefa 415 zuwa kusan 680 ko fiye, kwalba kuma ba za ta cika kwana goma ba.

Tsakanin 275 da 680 akwai sefa 400 a rana. A roba ɗaya ba a ganinsa, sefa biyar ne kacal in ta cika robobi 80 na rabin lita. A wata kuwa jaka 12 ne, abin da zai rage nauyin haya ko ya sayi littattafan yaro.

Kunun zaƙi ma ba ya bukatar doguwar wuta. Tafasasshen ruwa ake sheƙawa kan kaso mafi yawa na ƙullun ya yi kauri, in ya huce a zuba ɗanyen kason da aka ajiye, a bar shi ya kwana. Don haka a gama shirya ƙullu kafin a kunna wuta, ruwa na tafasa a kashe. Zoɓo ma haka: ya tafaso na ɗan lokaci, a kashe, a bar shi a rufe, launi da tsami za su ci gaba da fita ba tare da wuta ba.

Abin da aka rubuta a jikin murhu

Wasu murhuna suna da takarda ko tambari da ya nuna ƙarfinsu da haruffan kW. Kowane ɗaya na wannan ma'auni yana cin kamar giram 80 a awa idan an buɗe wuta duka. Ƙaramin kai na murhun ɗaki, mai 2, yana cin giram 160 a awa, kwalba ta yi masa awa 80. Babban na waje mai 8 yana cin giram 630, kwalba ta ƙare a awa 20. Mai aiki awa uku a rana da irin wannan, sati ɗaya ke nan.

Wasu kuma, musamman na gwanjo da aka shigo da su, BTU aka rubuta musu, ma'aunin Amurkawa. Kowace 10,000 tana cin giram 200 da ɗoriya a awa. Mai 55,000 yana wuce kilo ɗaya a awa. Irin waɗannan murhuna a can ana amfani da su wajen soya talo-talo da tafasa kayan teku, kuma masu dafa giyar sha'ir a gida suna ɗora musu tukunyar lita 25 zuwa 30 su bar ta tana tafasa awa guda a buɗe. Kwalbarsu ta kilo 9 awa takwas take yi a cikakkiyar wuta. Su ma abin da suka gano ke nan bayan sun yi ta auna kwalabe: iska da yawan wuta ke cinye gas, kuma da zarar an tafaso sai a rage. Mai sayar da murhu zai yi muku alfahari da babbar lamba. Babbar lamba sauri take nufi, ba tattali ba, kuma idan gindin tukunyarku bai kai faɗin wutar ba, gefen titi kuke ɗumamawa.

Ku auna da kanku

Duk lambobin da ke sama jagora ne. Naku murhun da taku tukunyar da iskar tsakar gidanku su za su faɗi gaskiya, kuma hanyar sani biyu ce.

Ta farko da sikeli. A wuyan kwalba ko hannunta an buga nauyin ƙarfen shi kaɗai, kusa da kalmar Tare. A ce an buga 13. Cikakkiyar kwalba sai ta yi 25.5. Ku auna ta ranar da kuka saya, kafin a fasa hatimin bakinta. Sikelin rataye na mahauta ko na masu sayar da wake ya isa, kuma a Briqueterie ba a rasa wanda zai ara. In kun ga ta gaza da kilo ɗaya ko fiye, ku mayar tun a nan, domin akwai masu zuƙe gas daga kwalba zuwa kwalba su sake liƙe baki. Bayan haka ku auna kafin girki da bayan girki. Bambancin, sau 520, shi ne kuɗin gas na wannan tukunya. Idan sikelin ba ya nuna ƙananan lambobi sosai, ku auna bayan tukunya biyar ku raba gida biyar.

Ta biyu ba ta bukatar sikeli ko karatu. Ranar da aka ɗaura sabuwar kwalba, a soma jan layi da gawayi a bango, kowace tukunya layi ɗaya, har ta ƙare. A raba kuɗin kwalba da yawan layukan. Sharaɗin shi ne kada a haɗa da girkin gida, ko in an haɗa a ja masa nasa layin daban. Wanda ya san kuɗin tukunya, sai ya riƙa cire shi kullum daga ciniki ya jefa a asusu ko ya ba amintacce ajiya. Ranar da kwalba ta ƙare, kuɗin wata na nan.

Toshe ƙofofin ɓarna

Murfi shi ne na farko, kuma ba ya cin ko sisi. In na tukunya ya ɓata, faranti ko tire mai faɗi ya yi.

Na biyu kariyar iska. A yanko tsohon kwanon rufi ko garwa a kewaye murhu da gindin tukunya, a bar tazarar yatsu uku ko huɗu tsakaninsa da tukunya, a kuma bar kafa ta ƙasa don wuta ta sha iska. Kariyar ta murhu ce kaɗai. Kwalba da tiyo su kasance a wajenta, nesa da zafi. Da damina, wadda a nan sau biyu take zuwa a shekara, iskar hadari tana iya kashe wuta gas ya ci gaba da fita, don haka kada a bar murhu ba kowa.

Na uku girman wuta. Harshenta ya tsaya a ƙarƙashin gindi, kada ya lasa gefe. Launinta ya zama shuɗi. In ta yi ja ko rawaya tana baƙanta tukunya, gas ba ya ƙonewa duka: ko ramukan kan murhu sun toshe da kunu da mai, ko ƙofar iska da ke wuyan murhu ta rufe. A bari ya huce, a goge ramukan da buroshi, a gyara ƙofar iska har wuta ta koma shuɗiya. Kada a faɗaɗa ɗan ramin da gas yake fitowa da ƙusa don wuta ta ƙaru, kamar yadda wasu masu gyara suke yi. Ci zai ƙaru, zafi ba zai ƙaru daidai da shi ba. Baƙin da ya taru a gindin tukunya shi ma a kankare, yana tare zafi.

Ga masu wake da sauran abin da ke daɗewa, a jiƙa tun dare. In ya tafaso ya yi minti goma sha biyar ko ashirin a wuta, a sauke tukunya a rufe, a naɗe ta da tsohon bargo ko a zaunar da ita a kwando cike da tsummoki, sama da ƙasa da gefe. Zafin da ke ciki zai ƙarasa dahuwar cikin awa biyu zuwa uku. A tabbatar ba a ɗora ta kan leda ko roba ba. Kuma duk inda rana ta fito, jarkar da aka ajiye a cikinta tun safe ta rage wa wuta aiki.

Ba kowace tukunya gas ya dace da ita ba

A faɗi gaskiya, akwai sana'ar da gas zai cinye ribarta. Kilo ɗaya na gas yana yin aikin itace kamar kilo goma a murhun duwatsu uku, shi ya sa a cikin gari, inda itace da gawayi na saye ne, yake da sauƙi ga mai tafasa ruwa ta kashe. Amma abin da sai ya yini a wuta, lissafinsa daban. Wasu maƙwabtanmu 'yan arewacin Kamaru da Chadi suna dafa bil-bil, giyar dawa da a Najeriya ake kira burkutu. Dahuwarta awanni ce masu yawa a buɗe, kuma ƙonewar ruwan tana cikin aikin. Awa shida a murhu mai 8 kusan kilo huɗu ne, wajen jaka biyu a dahuwa guda, shi ya sa har yau da itace ake yin ta. Haka mai ragadada ko ganda da ke kwana a wuta. Masu tsire da kilishin Briqueterie ma ba za su bar itace ba, don hayaƙin yana cikin ɗanɗanon. Kafin ku sayar da murhun gawayi ku koma gas, ku ƙidaya awannin da tukunyarku take yi ku ninka da cin murhun.

A sansanoni kuwa maganar ta wuce kuɗi. A Minawao, kusa da garin Mokolo na Arewa Mai Nisa, ba kasuwar Mokolo ta nan ba, sansanin da aka buɗe a 2013, neman itace ya share dajin da ke kewaye, mata suna tafiya mai nisa da haɗarinta, har aka shigo da gawayin curi da ake yi da ragowar amfanin gona, aka kuma dasa itatuwa. A jihar Diffa ta Nijar da sansanonin Rohingya na Bangladesh, gas aka raba wa iyalai saboda wannan dalili. Wanda yake da 'yan uwa a can, wannan lissafi zai amfane su: ƙaramar kwalba ta kilo 6 da aka tsara don girkin gida ba za ta kai ƙarshen wata ba idan aka ɗora mata tukunyar sana'a.

Kwalba mai zufa, da abin da ke kashewa

Idan babban murhu ya daɗe yana ja, za ku ga jikin kwalba ya yi sanyi yana zufa, wuta ta yi rauni alhali da sauran gas. Ba lalacewa ta yi ba. Gas ɗin ruwa ne a ciki, kuma sai ya ari zafi daga jikin ƙarfe kafin ya tashi. In an ja fiye da ƙarfinsa sai ya yi sanyi. Maganin a rage wuta, ko a huta, ko a sami kwalba ta biyu a riƙa musanyawa. Kada a kwantar da ita, kada a kifa ta, kada a matso da ita kusa da wuta ko a zuba mata tafasasshen ruwa. Kwantacciyar kwalba ruwan gas take turowa, wutar da za ta tashi kuwa ta fi ƙarfin mai girki.

Ƙaramar kwalba mai murhu ɗaure a kanta ta ƙaramar tukunya ce. Babbar tukunya tana mayar da zafi ƙasa kan makunni, ga kuma nauyi a sama, yaro na giftawa ta kife.

Butan ya ninka iska nauyi kusan sau biyu. In ya yi yoyo ba ya tashi sama, ƙasa yake kwanciya, ya bi kwata da ƙarƙashin ƙofa ya shiga ɗakin da mutane ke barci a tabarma. A unguwanni irin namu, inda gidaje ke manne da juna kuma lunguna ba sa ɗaukar motar kashe gobara, yoyon gida ɗaya na layi ne gaba ɗaya. Duk lokacin da aka ɗaura kwalba, a shafa ruwan sabulu a bakin regileta, wanda masu shago suke kira detandar, da kuma kan tiyo biyu. In kumfa tana tasowa akwai yoyo. Ba a gwadawa da ashana. Tiyo ya zama na gas, ba na ban ruwa ba, a ɗaure shi da maɗaurin ƙarfe, a duba shekarar da aka buga a jikinsa, a canza in ya tsage ko ya bushe. An gama aiki, a fara rufewa daga kwalba sannan murhu.

Babban murhu na waje ne. A ɗaki rufe, ko da ruwan sama ya kore ku, yana cinye iskar numfashi ya fitar da guba marar wari da ke sa ciwon kai da jiri da barcin da ba a tashi. A yi rumfa mai buɗaɗɗen gefe.

In kun ji warin gas: kada a kunna ko a kashe wutar lantarki, kada a kyasta komai, a rufe kwalba, a buɗe ƙofofi da tagogi, a fitar da yara da tsofaffi, a gaya wa maƙwabta su kashe tasu wutar. Lambar 'yan kwana-kwana 118 ce, a kira daga waje. Wanda ya ƙone, a zuba wa wurin ruwan sanyi mai tsabta na minti ashirin, ban da man ja, ban da man goge baki, ban da ɗanyen ƙwai, a kai shi asibiti da takardarsa ta HCR.

Aikin gida

Kowane gida mai sana'ar tukunya ya soma jan layi daga kwalba mai zuwa, yana girki yadda ya saba. In ta ƙare, a rubuta yawan layukan. A kwalba ta biyu a sa murfi, a kafa kariyar iska, a riƙa rage wuta da zarar an tafaso, a sake ƙidaya. Ku zo da lambobin biyu, da girman tukunyarku a jarka, zuwa zaman mata ko na shugabannin al'umma, a kwatanta na gida da gida. Wadda ba ta rubutu ta sa ɗanta ɗan makaranta ya rubuta mata a bayan littafinsa.